Korona Ta Yi Mana Sauƙi Ne, Ko Mu Ne Ba Mu Ƙirga Mamatanmu Ba?

Alƙaluman hukuma sun ce mutanen da annobar korona ta kashe a Najeriya sun ɗan haura 3,100, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. A Jamhuriyar Nijar ba su ma kai 400 ba. Italiya kuwa, wadda mutanenta ba su cika miliyan 60 ba, ta binne sama da 190,000. Birtaniya ta haura 200,000, Amurka ta wuce miliyan ɗaya. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi dole ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasashen da suka fi kowa asibitoci da likitoci da kuɗi suka fi kowa shan makoki, mu kuma da aka yi ta yi wa hasashen gawarwaki a kan titi muka fita kamar ba a yi ba.

An yi ta ba da amsa a majalisu da gidajen rediyo. Wasu suka ce zafin ranarmu ne ya ƙona ƙwayar cutar. Wasu suka ce jinin baƙar fata ya fi ƙarfi, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro da muka saba sha ne ya horar da jikinmu, wasu ma suka ce ai dama babu cutar, cutar manya ce masu hawa jirgi. Ina godiya ga Allah da Ya sassauta mana, kuma ba na shakkar cewa an sassauta ɗin. Abin da ke damuna shi ne bayanin da muka ɗora a kan wannan sassauci, domin bayanin ne za mu riƙa idan wata annobar ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma mafi yawansa ba ya tsayuwa idan aka gwada shi da abin da ya faru a wasu wuraren.

Batun zafi ba ya buƙatar dogon zance. Birnin Guayaquil na ƙasar Ekwado wuri ne mai zafi da gumi, amma a watan Afrilun 2020 gawarwaki suka riƙa kwana a gidaje da bakin titi saboda an rasa masu ɗauka. Manaus da ke tsakiyar dajin Amazon a Brazil ba ta san hunturu irin na Turai ba, sai da aka haƙa dogayen ramuka ana jera akwatunan gawa. Indiya ta ga mafi munin kwanakinta ne a Afrilu da Mayun 2021, daidai lokacin da bazararsu ke kan ganiya. Maganar jinin baƙar fata ita ma haka: a Amurka da Birtaniya baƙaƙen fata sun fi fararen da suke shekaru ɗaya da su mutuwa a zagayen farko na annobar. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Ingila akwai Dokta Alfa Sa'adu, ɗan Najeriya daga Pategi, da likitoci biyu 'yan asalin Sudan. Jininsu irin namu ne.

Abin da ya fi kowane dalili nauyi, wanda kuma masana ba su yi saɓani a kansa ba, shi ne shekaru. Korona cuta ce da ta fi ƙarfi a kan tsofaffi ta hanyar da ba a saba gani ba. Haɗarin mutuwar wanda ya haura 80 ya ninka na ɗan shekara 20 sau ɗaruruwa. To a Italiya kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu ya kai shekara 65 ko ya wuce. A Najeriya mutum uku ne kacal cikin ɗari. Rabin 'yan Italiya sun haura shekara 46, rabin 'yan Najeriya ba su wuce 18 ba, a Nijar kuma rabin jama'a 'yan ƙasa da 16 ne. Ko da ƙwayar cutar ta shiga kowane gida a ƙasashen uku daidai wa daida, ba za a taɓa samun adadin gawa iri ɗaya ba, domin waɗanda ta fi farauta ba su da yawa a wajenmu.

Ya kamata mu tsaya a nan mu dubi abin da wannan ke nufi. Ƙarancin tsofaffi a cikinmu ba wata dabara ba ce da muka yi. Haihuwa ce mai yawa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma mutanenmu ba sa daɗewa. Mai ciwon suga da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, wanda a Turai magani da asibiti za su riƙe shi har ya kai 85 korona ta same shi, a wajenmu sau da yawa ya riga ya rasu tun yana da 55 ko 60. Wato wani ɓangare na sauƙin da muka gani ya samo asali ne daga mutuwar da ta riga ta auku shekaru kafin annobar. Ni wannan ba ya ba ni alfahari ko kaɗan, baƙin ciki yake ba ni.

Akwai kuma wurin da tsofaffin suke zaune. Ƙasashen Yamma da dama suna tara tsofaffinsu a gidajen kulawa, mutum hamsin ko ɗari a gini guda, ma'aikata na shiga ɗaki suna fita, wasunsu ma suna aiki a gida biyu ko uku don albashin ya ishe su. Da ƙwayar ta shiga irin wannan gini sai ta bi ɗakuna. A Kanada, kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka mutu a zagayen farko mazauna irin waɗannan gidaje ne. A Suwidin sun kusa rabi. A nan al'adarmu ta riƙe iyaye a gida ta yi mana rana, kuma wannan abin a yaba ne. Haka ma zaman da muke yi a waje: kasuwarmu a fili take, hirarmu a ƙofar gida ko ƙarƙashin bishiya, mafi yawan mutanen karkara suna wuni a gona. Cutar da ke bin iska ta fi samun dama a rufaffen ɗaki mai ɗumi da aka toshe tagoginsa saboda sanyi. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin maganar zafi, ba wai rana na ƙona ƙwayar ba.

Sai dai shekaru kaɗai ba su gama bayani ba. Japan ta fi Italiya yawan tsofaffi, mutanenta sun ninka na Italiya, amma zuwa Mayun 2023 waɗanda ta rasa ba su wuce kusan 75,000 ba. Jama'arta sun saba da takunkumin fuska tun kafin annobar, ƙiba ba ta yi musu yawa ba, gwamnati ta tsaurara shiga ƙasar, kuma da rigakafi ya samu tsofaffi sun karɓa sosai. Lokacin da cutar ta iso ma yana da tasiri. Yankin Lombardiya na arewacin Italiya ya sha wuya ne domin ƙwayar ta yi makonni tana yawo ba wanda ya sani. A ranar 19 ga Fabrairun 2020 magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Atalanta kusan 40,000 suka tafi Milan daga birnin Bergamo na wannan yanki kallon wasa da Valencia, suka yi ta rungumar juna. Bayan wata guda motocin soja ne ke kwashe akwatunan gawa daga Bergamo cikin dare. Likitoci a lokacin ba su san cewa tsohon magani mai araha irin dexamethasone na rage mutuwar masu tsananin ciwo ba, sai a watan Yuni aka tabbatar da haka a Birtaniya. Wanda cutar ta kama a Maris ɗin 2020 da wanda ta kama bayan shekara guda ba asibiti iri ɗaya suka tarar ba. Hong Kong ta yi shekara biyu tana tsare kanta da kyau, amma da nau'in Omicron ya shiga a farkon 2022 ya tarar da tsofaffi masu yawa ba su yi allura ba, sai ta shiga jerin wuraren da suka fi saurin mutuwa a duniya cikin makonni kaɗan.

Ƙasar da nake ganin ta fi cancantar mu yi nazarinta ita ce Peru da ke Kudancin Amurka, domin ta fi kama da mu fiye da Italiya ko Japan. Ta kafa dokar kulle mai tsanani tun tsakiyar Maris ɗin 2020, kafin Birtaniya ma. Duk da haka ita ce ta zo kan gaba a duniya wajen yawan mamata idan aka auna da yawan jama'a: sama da mutum 200,000 cikin kusan miliyan 33. Dalilan duk mun san irinsu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na masu aiki a can ba su da albashi, sai sun fita suke ci. Gidaje da yawa babu firij, dole a je kasuwa kullum, kasuwannin suka zama matattarar cutar. Da gwamnati ta ce za ta raba tallafi, talakawa da yawa ba su da asusun banki, sai suka yi cincirindo a layi a ƙofar bankuna. Gadajen kula da masu tsananin ciwo 'yan kaɗan ne, iskar oksijin ta yi ƙaranci har iyalai na kwana a layi da tukwanen iska suna sayar da kadara don su cika su. Talauci bai kare Peru ba, shi ya buɗe wa cutar ƙofa.

Akwai wani abu kuma da Peru ta yi wanda shi ne ginshiƙin maganata. A ƙarshen Mayun 2021 gwamnatinta ta sake duba takardun mutuwa, ta fito ta ce adadin da take bayarwa na kusan 69,000 ba daidai ba ne, gaskiyar ta haura 180,000. Ta iya yin haka ne domin tana da rajistar mutuwa da za a koma a duba. Mu fa?

A Najeriya, kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista a hukumance. Mu Musulmi mukan binne mamacinmu cikin sa'o'i kaɗan, kuma haka addini ya so. Mutum ya rasu da asuba a gida, kafin azahar an yi masa wanka, an yi sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Babu likitan da ya gan shi, babu takardar da aka cike. Idan aka tambayi iyali sai su ce gajeriyar rashin lafiya ce, ko zazzaɓi, ko tsufa, ko kuma kawai lokaci ne ya yi. Gaskiya ne lokaci ya yi, amma sanin sanadi bai saɓa wa imani da ƙaddara ba. Wanda bai je asibiti ba ba a yi masa gwaji ba, wanda ba a gwada ba kuma ba ya cikin 3,100 ɗin nan ko da korona ce ta shaƙe shi.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu watan Afrilun 2020. Masu haƙar kabari ne suka fara magana, suna cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Kowace safiya sai an ji sanarwar rasuwar wani dattijo: farfesoshi, tsofaffin ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, malamai. Ana cikin haka cibiyar gwajin da ke birnin ta tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa saboda tsoro. Da farko gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadinsu ko ita ta tunzura ciwon da suke da shi. An ji irin wannan labari daga Azare da Haɗeja da wasu garuruwan Yobe. Waɗannan mutane iyayen wasu ne, malaman wasu ne, kuma mafi yawansu ba su shiga lissafin da muke nuna wa duniya ba.

Inda aka samu damar dubawa da kyau a Afirka, abin da aka gani ya tayar da hankali. A Lusaka ta Zambiya masu bincike sun riƙa gwada gawarwakin da ake kaiwa ɗakin ajiyar gawa na babban asibitin koyarwa. A 2020, cikin gawa 364 an samu ƙwayar a jikin 70, mafi yawansu a gida suka rasu ba a taɓa gwada su ba. Da aka ci gaba da aikin a 2021, sai ya zama kusan gawa ɗaya cikin uku. Afirka ta Kudu, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi rajistar mutuwa a kudu da Sahara, hukuma ta ƙirga kusan 100,000, amma ƙarin mutuwar da aka samu sama da abin da aka saba gani a shekarun baya ya kai wajen 300,000. Ko dai a ce korona ta tsani Afirka ta Kudu ita kaɗai, ko kuma a yarda cewa ita ce ke da littafin da za a duba. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta jawo mutuwar mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali ƙasashe sun kai rahoton miliyan 5.4 ne. Ga Indiya kaɗai ta ƙiyasta miliyan 4.7, kusan ninki goma na abin da gwamnatin ƙasar ta sanar, gwamnatin kuma ta ƙi amincewa da lissafin. Tanzaniya ma a zamanin Shugaba Magufuli dainawa ta yi da fitar da alƙaluma gaba ɗaya tun a 2020.

Ba ina cewa ɓoyayyun mamatanmu sun kai na Italiya ba. Da abin da ya faru a Bergamo ya faru a kowane gari namu, babu rashin rajistar da zai iya rufe shi, maƙabartu da kansu za su faɗa kamar yadda na Kano suka faɗa. Cutar ta shiga cikinmu sosai, gwajin jini da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta yi a ƙarshen 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Legas da Inugu da Nasarawa ya riga ya kamu, amma yawancin waɗanda suka kamu matasa ne da suka ji kamar mura suka warke. Kuma ma'aikatan lafiyarmu sun yi abin a yaba. Ƙwarewar da aka samu a yaƙi da shan-inna da kuma cutar Ebola ta 2014, lokacin da aka tsayar da ita a kan mutum 20, ta taimaka wajen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Abin da nake cewa shi ne tazarar da ke tsakaninmu da Turai ba ta kai yadda takarda ta nuna ba, kuma abin da ya rage na tazarar galibinsa ƙuruciya ce. Masu binciken da suka kwatanta mutane masu shekaru ɗaya sun gano cewa dattijon da ya kamu a ƙasa mai tasowa ya fi takwaransa na ƙasa mai arziki haɗarin mutuwa kusan ninki biyu. Idan aka cire rigar ƙuruciyar nan, mu ne a ƙasa.

Kuma ba kowace annoba ce ke bin tsofaffi ba. Murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta fi kashe majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40. Ta jirgin ruwa ta shigo Legas, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake ta hau Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya lokacin da jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Indiya ta rasa fiye da miliyan 12. A waccan annoba ƙasashe matalauta ne suka fi shan wahala nesa ba kusa ba. Ita ma ta nuna yadda shawarar shugabanni ke raba makomar maƙwabta: Samoa ta Yamma da ke tekun Pasifik ta bar wani jirgin ruwa mai ɗauke da marasa lafiya ya sauke fasinja, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanenta, Samoa ta Amurka da ke kusa da ita ta rufe tasharta, ba ta rasa ko mutum ɗaya ba. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 ya kashe dubban mutane a Arewa, muka kuma ga yadda mashaƙo ya yi ta ɗaukar yara a Kano a 2023, bai kamata a ce sai an tuna mana cewa akwai cututtukan da ƙuruciya ba ta yi musu katanga ba.

Shi ya sa nake jin zafin yadda muka rufe babin korona da cewa mu Allah Ya yi mu daban. Wannan magana ta sa gwamnoni sun samu hujjar mayar da cibiyoyin killace marasa lafiya kufai, ta sa jama'a sun ƙara yarda cewa duk gargaɗin da likita zai yi neman kuɗin Turawa ne. Na san rashin yardar nan yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo, haka ma yadda ƙasashe masu arziki suka saye rigakafin korona suka bar mu da ragowar da ta kusa lalacewa, har Najeriya ta lalata sama da allura miliyan ɗaya a Disambar 2021. Amma maganin rashin yarda da alƙaluman wasu shi ne mu mallaki namu.

Wannan kuwa ba ya buƙatar a jinkirta jana'iza ko a taɓa gawa. Kowace unguwa tana da mai unguwa da limami, maƙabartu da yawa a birane suna da kwamiti da masu gadi, kuma babu mamacin da ake binnewa ba da saninsu ba. Littafi ɗaya a kowace maƙabarta, a rubuta suna da shekaru da jinsi da ranar rasuwa da abin da iyali suka ce ya same shi, a riƙa tura jimillar kowane mako ta waya zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa ma'aikatar lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wadda doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Masarautu suna da tsarin da zai iya ɗaukar wannan aiki daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kamar yadda suka ɗauki aikin rigakafin shan-inna har aka ga bayansa. Da akwai irin wannan littafi a Kano a 2020, da tun makon farko an ga adadin ya tashi, ba sai an jira masu haƙar kabari sun kai kuka gidan rediyo ba, kuma da an san unguwannin da za a fara kai gwaji da tukwanen iska.